Ranar tantancewa, ni da Baba da Superman mai furfura

Talata. Yau ni na raka Baba wajen tantance 'yan fansho, saboda yayana ya yi tafiya. Ƙarfe bakwai da rabi muka hau adaidaita, Baba cikin farar babbar riga da ta sha sitati, takardunsa a tsohuwar jakar fatar nan da ba ya yarda kowa ya riƙe masa. Na san za a sha zama, don haka na ɗauko littafin labarin zanen da na aro wajen wani abokina, Crisis on Infinite Earths, fitowa 12 a haɗe cikin kundi guda mai kauri.

Tun a bakin ƙofa ran Baba ya soma ɓaci. Mai gadin, yaro ne da bai fi sa'ana ba, ya tare mu ya ce, "Baba, wajen wa ka zo?" Shekara 35 Baba ya yi yana shiga ta ƙofar nan. Bai ce uffan ba, ya ciro takarda ya nuna. Aka ba mu lamba 84, muka samu benci a gindin darbejiya.

Nan na buɗe littafin daga inda na tsaya jiya. Kamfanin DC ne ya fitar da shi tsakanin 1985 da 1986, lokacin cikarsa shekara 50. Marv Wolfman ya rubuta, George Pérez ya zana. Abin da ya jawo shi ya faro ne tun 1961, a fitowa ta 123 ta mujallar Flash, inda Barry Allen, jarumi mai tsananin gudu da ake kira Flash, ya haɗu da Jay Garrick, wato Flash na 1940. Aka ce ai duniya biyu ce a wuri ɗaya, bambancin kaɗawarsu ne ya hana su ganin juna. Abin da ya fi burge ni, shi Barry a littafin zane ya san Jay tun yana yaro, ya ɗauka ƙagaggen labari ne. Daga nan duniyoyi suka yi ta haihuwa. Ga ta uku, inda jaruman su ne 'yan ta'adda, Lex Luthor kuma mutumin kirki. In kamfanin ya kwaso jaruman wani kamfani, kamar su Shazam, sai ya yanka musu tasu duniyar, tamkar mai gidan da duk ya ƙara aure sai ya datse tsakar gida ya yi sabon sashe. A ƙarshe baƙo ya kasa gane hanyar zaure. Sai aka kira Wolfman da tsintsiya.

Tsintsiyar ita ce Anti-Monitor, mugun labarin, mai turo wani farin bango yana lamushe duniyoyi ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya surutun littafin ya yi yawa, kuma Pérez kan cusa mutane a shafi guda kamar kasuwa ranar jajibirin salla, sai na kawo ido kusa kafin in gane wane ne wane. Amma mutuwar Supergirl a fitowa ta 7 ta taɓa ni, ta Barry a ta 8 ta fi, yana gudu jikinsa na zagwanyewa har ya rage kayan kawai. (Abokina ya riga ya ɓata min daɗin, wai a 2008 an dawo da shi. Allah ya shirye shi.)

Bayan azahar Baba ya ce in zo ya nuna min ofishinsa na dā. Muka hau bene, yana tsayawa yana hutawa. Ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru da tsofaffin fayiloli. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce, "Alhaji, ba nan ake tantancewa ba, ƙasa za ku sauka." Baba ya ce, "To, 'yata, mun gode." Muka sauko.

Na koma benci na shiga fitowa ta 11, sai na ji wani iri. An narkar da duniyoyi biyar da suka tsira sun zama ɗaya. Superman na duniya ta biyu, dattijo mai furfura a gefen kai, ya tashi da safe ya shirya ya tafi aiki, a saninsa shi ne editan jaridar Daily Star. Ya tarar gidan jaridar Daily Planet ne, kujerar edita kuma ta wani Perry White ce. Ba a kore shi ba, ba a yi masa rashin kunya ba. Duniyar ce kawai aka sake ginawa da gurbin Superman ɗaya, kuma akwai mai ƙuruciya a ciki. Shafukan nan sun fi min duk faɗace-faɗacen da ke littafin.

Baba ya miƙo hannu ya karɓa, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallon su biyun da aka zana kusa da juna, kaya kusan iri ɗaya.

"Wannan mai furfurar fa, ubansa ne?"

Na ce, "A'a Baba, shi ne dai, amma na wata duniyar."

Ya ce, "Ikon Allah. Turawa ba sa rasa abin yi." Amma bai ba ni littafin ba sai da ya juya shafi uku.

Ana kiran la'asar suna kan lamba 61 aka fito aka ce intanet ta ɗauke, a dawo jibi. Dattawa suka yi ta salati suna naɗe tabarmi. A hanya Baba ya sa aka tsaya ya sayi ayaba ta Inna, ya kuma ce in tuna wa mai wanki ya sa wa rigar sitati kafin Alhamis. Saura fitowa ta 12. Zan bar ta sai mun koma bencin.