Mako na tara: yatsu sun fara ganewa, ido ne da saura

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Yau mako tara ke nan da na ɗora jirgina, ƙaramin jirgin sama marar inji da ake tuƙawa da rimot, a saman kwaba na koma koyon tuƙi a gaban kwamfuta. Dalili kuwa, ranar farko da na jefa shi a fili bai yi daƙiƙa ashirin a sama ba ya juyo ya nufo ni. Na tura sandar rimot dama, shi kuma ya yi hagu, sai ji na yi tim, hanci ya caki ƙasa. Kwana biyu ina fama da gam.

Manhajar da nake atisaye da ita PicaSim ce, mai kwaikwayon tuƙin irin waɗannan jirage. Kyauta ce, kuma jirage marasa inji su ne ainihin abin da aka yi ta dominsa. A waya na fara, ina shafa gilashi da babban yatsa, amma ku ji shawarata, kada ku daɗe a nan. Gilashi ba ya mayar da yatsa tsakiya kamar yadda sandar rimot take yi. Sai da na samo wayar USB da ake sokawa a bayan rimot ɗina, FlySky i6, kwamfuta ta karɓe shi kamar hannun gem, sannan koyo ya kankama. Tsarin Mode 2 nake bi: sandar dama ce ke karkata jirgi, ita ce kuma ke ɗaga hanci ko ta sunkuyar da shi.

Abin da ya kayar da ni a fili shi na fara kamawa. Idan jirgi ya fuskanto ka, damarsa ce hagunka, kuma ƙwaƙwalwa ba ta da lokacin wannan lissafi. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in tura sanda ɓangaren fiffiken da ya yi ƙasa, kamar mai tokare katangar da ta rankwafa. Mako biyu ina zaune ina cewa "tokare, tokare" da baki, har uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya dai ko?" Yanzu yatsan ne yake yi kafin in tuna.

Sai dai manhaja tana da wata cuta da ba a cika faɗa ba. Ka faɗi, ka danna maɓalli, ga sabon jirgi garau, ko sisi ba ka kashe ba. Cikin mako na huɗu na lura na zama mai ganganci, ina sauka yadda na ga dama, ina ratsa ƙasa-ƙasa don burgewa alhali babu mai kallo. Sai na yanka wa kaina tara: kowace faɗuwa naira 200 a asusun gwangwani, in kuma rubuta abin da ya jawo ta. Makon farko na zuba ta faɗuwa 23. Da na duba littafin, fiye da rabi abu ɗaya ne, ina ja da hanci sama a kan kwana har gudu ya ƙare, jirgi ya rasa iskar da ke riƙe shi ya sulalo. Wannan makon sau biyu kacal na biya. Na kuma kashe abin da ke jawo jirgin kusa da ido, tunda a fili babu mai jawo maka shi, sannan na ƙara ƙarfin iska da hargitsinta.

Tuƙin gefen tudu bai ba ni wahala sosai ba. Iska ta bugi gangare ta hau, kai kuma ka riƙa kai da komo a gabansa, kowace kwana ka juya ta wajen iska, ba ta wajen tudun ba. Bayan tudu kuwa iskar a rikice take. Wai a can ne gwanaye suke wasansu: a 2021 Spencer Lisenby ya kai gudun mil 548 a awa da jirgi marar inji a Dutsen Parker da ke Kalifoniya. Ni dai ban da ni tukuna.

Ranar Asabar na sauko da jirgin. Na ɗora shi a kan yatsu biyu, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaban fiffike, na ga jela ta rinjaya, na cusa ƙaramin noti a hanci. Jifa shida, sauka biyar lafiya lau. A na huɗu, wajen ƙarfe sha ɗaya, iskar da ke kaɗa min wuya ta tsaya cak, wuri ya yi ɗumi, ga shirwa biyu suna kewaye can saman gonar gefe ba tare da kaɗa fiffike ba. Na nufi wajen, fiffiken hagu ya ɗaga da kansa, na juya cikin iskar ɗumin da ke hawa sama, jirgi ya hau kamar ana jansa da zare. Kewaye uku na yi tsoro ya kama ni na fito. Wannan ɗumin na wuya babu shi a kwamfuta, haka ma auna nisa. A jifa na shida na rantse jirgin yana gaban bishiyar darbejiya, ashe a kanta yake. Wani yaro ne ya hau ya sauko min da shi, fiffike ya ɗan tsage, na kuma biya tarata a gwangwani duk da ba a manhaja aka yi ba.

Kafin hunturu ya shigo zan shafa wa ƙasan fukafukan baƙin fenti, don farin jirgi ɓacewa yake yi cikin hazo. Mako mai zuwa kuma sauka kawai zan yi ta maimaitawa, iska na zuwa daga gefe, sau goma a jere kafin in tashi daga kujera.