Sammore da sukarin da ke bayan ƙwayar jini: aikina a ɗakin bincike a Kaduna

Kowace jar ƙwayar jini, ta saniya ce ko ta mutum, a lulluɓe take da sarƙoƙin sukari. A bakin da yawa daga cikin sarƙoƙin nan akwai wani sukari mai kabon 9 da ake kira sayalik asid, wanda Gunnar Blix ya fara ware shi a Suwidin a 1936 daga yawun shanu. Shi nake aunawa tun da na fara aikin bincike, kuma cutar sammore ce ta haɗa ni da shi.

Lokacin da nake karatun sinadaran jiki a Zariya, hankalin kowa yana kan furotin da DNA, domin a jere suke layi ɗaya, ana iya karanta su. Sukari kuwa rassa yake yi, kuma babu wani rubutaccen tsari a cikin ƙwayar halitta da za ka duba ka san yadda sarƙar za ta fito. Gulukos biyu kaɗai suna iya haɗuwa ta hanya 11. Sitacin tuwon dawa da zaren karan dawa duk gulukos ne, yadda aka ƙulla su ne ya bambanta, shi ya sa mutum ke narkar da ɗaya, ɗayan kuma sai da taimakon ƙwayoyin da ke cikin tumbin saniya. Wahalar nan ce ta sa fannin nazarin sarƙoƙin sukari ya daɗe a baya. Sai a 1988 Raymond Dwek na Jami'ar Oxford ya raɗa masa suna glycobiology, kuma a shekarar ce Michael Ferguson da abokan aikinsa suka fayyace tsarin ƙugiyar sukari da mai da ke riƙe rigar furotin ta ƙwayar cutar barci. Da na karanta wannan aiki na ga cewa ƙwayar da ƙudan tsando ke ɗauka a dazukanmu tana nan a gindin fannin tun daga farko.

Makiyayi ya san sammore tun kafin likitan dabbobi ya faɗa masa. Saniya ta rame, gashinta ya tashi, ido yana hawaye, nono ya ragu, in ka buɗe fatar idon ka tarar da ita fari fat. Ƙarancin jini ne ke kayar da ita. Abin tambaya shi ne ina jinin ke tafiya, tunda ba zuba yake yi ba. A 1982 K. A. N. Esievo da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello suka nuna cewa idan Trypanosoma vivax, ɗaya daga cikin ƙwayoyin sammore, ta kama saniya, sayalik asid na bayan ƙwayoyin jini yana raguwa, wanda ke yawo sake a ruwan jini kuma yana ƙaruwa. Ƙwayar cutar tana fitar da wani sinadari mai yanke shi. Sukarin nan kamar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbarsa ne a kunne: ƙwayar jinin da ta rasa shi, hanta da saifa ba sa ɗaukarta ta gida, sai su cire ta su lalata alhali lafiyarta ƙalau. Daga baya suka gano cewa shanun Ndama, masu jure wa sammore, sun fi irin namu masu tozo yawan wannan sukari. Marigayi Farfesa Andrew Nok ya bi diddigin sinadarin mai yankan, aikin da ya kai shi ga lambar yabon kimiyya ta Nijeriya a 2009. A kan sawun waɗannan mutane na ɗora ƙafata.

Rabin aikin a ruga ake yin sa. Mukan bar Kaduna bayan sallar asuba mu nufi wajen Kachia da akwatin ƙanƙara, domin a ɗebi jini kafin a saki shanu kiwo. A jijiyar wuya ake ɗiba. Wani Arɗo da muka saba da shi ya taɓa tsayar da ni ina shirin soka allura, ya ce, "Malam, wannan ka bar ta. Shekaranjiya na yi mata allurar sammore." Na ce, "Baffa, wace iri?" Ya shiga bukka ya fito da ƙunshin Berenil. Tun daga ranar, kafin in taɓa kowace saniya sai na tambayi abin da aka ba ta da ranar da aka ba ta, saboda wadda ta sha magani ba za ka ga ƙwayar cutar a jininta ba, amma ƙwayoyin jinin ba su gama farfaɗowa ba, sai ta rikita maka lissafin garke gaba ɗaya. Haka kuma tsutsar ciki da cututtukan kaska da yunwar rani duk suna rage jini. Wanda ya ga saniya ba jini ya ce sammore ce kawai, bai yi bincike ba. Dole a duba kashi, a duba jini a madubin likita. A nan ma ido yana sabawa: vivax tana keta fili da gudu, congolense kuwa, wata ƙwayar sammoren, tana motsi a wuri ɗaya, sau da yawa manne da ƙwayar jini.

A ɗakin bincike, sai a juya jinin a na'ura a raba ruwan da ƙwayoyin, a wanke ƙwayoyin da ruwan gishiri, a fasa su, a yi ta wanke ɓawon har jan ya fita ya koma fari. Nan ne ɗalibai ke gajiya, kuma nan ne ba na sassauci, domin ɓawon da ya rage da ja zai ɓata awon. Sannan a dafa shi awa ɗaya a tsarmammen asid a zafin digiri 80 don sukarin ya saku. Awon kansa hanyar Leonard Warren ce ta 1959. Ka zuba sinadari na farko ka jira, ka zuba na biyu sai ruwan ya yi ƙasa-ƙasa, ka girgiza har launin ya ɓace tas, ka zuba na uku ka tafasa minti 15. Idan akwai sayalik asid, sai kalar ruwan hoda ta fito, ka janye ta cikin wani ruwa mai kaurin wari, ka karanta a na'urar auna launi a kan haske mai nanomita 549. Har yau ina jin daɗin ganin hodar nan tana fitowa a jere a cikin kwalabe, daga mai haske zuwa mai duhu.

Hanyar tsohuwa ce, mai araha, kuma ina kare ta a gaban duk wanda ya raina ta, muddin an bi ƙa'idarta. Kowace rana sai an sake yin ma'auni da sukarin da aka san yawansa. Burbushin DNA yana ba da irin wannan launi, don haka ana karantawa a 532 ma a gyara lissafi. Wuta kuma ita ce babbar damuwa: idan firji ya narke ya sake daskarewa, samfurin ya tashi aiki ko da ido bai ga komai ba. Saboda haka nake raba kowane samfuri gida-gida a ƙananan kwalabe, ina ajiye wasu a wani firjin daban, kuma ranar da za a yi dafuwar awa ɗaya sai na tabbatar akwai mai a janareto.

Inda hanyar Warren ta tsaya shi ne yawa kawai take faɗa. Ba ta cewa wane iri ne, ko yadda aka ƙulla shi, kuma sau da yawa nan amsar take. A watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 karo na farko a Afirka a wata gonar kaji a Jaji, mutane sun yi ta tambayata me ya sa kaji ke mutuwa rututu amma ba ta yaɗu tsakanin ma'aikata haka ba. Wani ɓangare na amsar ƙulli ne: ƙwayar murar tsuntsaye ta fi kama sayalik asid mai ƙullin 2-3, hanci da maƙogwaron mutum kuwa mai ƙullin 2-6 ya fi yawa. Sukari ɗaya, wurin ɗauri daban. A shanu ma akwai iri biyu manya, Neu5Ac da Neu5Gc, na biyun jikin mutum ba ya iya ƙera shi.

Wannan ce tambayar da nake kai yanzu: wanne daga cikin biyun sinadarin ƙwayar sammore ya fi yankewa, kuma ko rabon su ya bambanta tsakanin Bunaji da Bokoloji da Ndama. Rarrabe su yana buƙatar na'urar HPLC da sinadarin da ke sa sukarin ƙyalli, don haka muka yi yarjejeniya da wani ɗakin bincike da ke da ita. Sharaɗin da na kafa shi ne ɗalibata ta bi samfuran da kanta, ta zauna a gaban na'urar ta koyi aikin, sannan ta dawo da sakamakon mu fassara shi tare a Kaduna. Jinin rani mun gama shirya shi. Na damina sai ruwa ya zauna, tsando ya yawaita a bakin rafuka, mu koma garkunan da muka ɗiba a baya, saniya da saniya, da lambar kunnenta.