Mun duba su, amma wa zai yi musu magani?

Sunan Farfesa ne ya ja ni cikin aikin. Mace ce da ta shafe shekaru tana bincike kan ciwon dajin bakin mahaifa, tana da abokan aiki a Turai da ƙasashen Larabawa, shafinta na Google Scholar kuwa sai ka gaji da karanta jerin takardu. Tana neman likitar mata mai jin Hausa da za ta shiga ƙauyukanmu na bakin kogin Nilu, kudu da Sinnar a Sudan, ta yi wa mata gwajin cutar. Ni 'yar Maiurno ce, don haka ban yi dogon tunani ba.

Gwajin ba shi da wuya. A shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, idan wani wuri ya yi fari an san akwai alamar da ka iya zama ciwon daji nan gaba. Ungozomomin gari ne suka buɗe mana ƙofa, mata suka fito fiye da yadda muka zata.

Inda aka samu tangarɗa shi ne kasafin kuɗi. An sa man mota, an sa safar hannu da fom, an sa har kuɗin buga takarda a mujalla. Magani babu ko layi ɗaya. Wadda aka ga alama a jikinta, takarda kawai za a rubuta mata ta tafi babban asibiti a birni. Na tada maganar tun kafin mu fara, aka ce mini masu ba da tallafin bincike suka biya wa, ba magani ba. Har yau wannan amsar tana ci mini rai.

Wata baiwar Allah, sa'ar mahaifiyata, ta karɓi takardarta ta ninke, ta ƙulle a bakin mayafi, sannan ta dube ni ta ce, “Dakta, 'yata, kin ce kin ga abu. To wa zai cire shi?” Na ce, “Gwaggo, sai a birni.” Ta ce a bari a gama girbin dawa tukuna. Bayan girbi sai kuɗin mota, bayan kuɗin mota sai maigida ya ce ai ƙalau take, me za a je yi? Maganarsa kuma tana da kan gado a idonsa, domin alamar farko ba ta zafi, ba ta jini. Cutar takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji ga mai ƙarfin garkuwar jiki. Mun sanar da mace cewa akwai abu a jikinta, mun bar ta da fargaba da takarda. Irinta suna da yawa, kuma da na koma bin sawu, waɗanda suka je birni ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya ƙara mini takaici, tsarin namu daga aikin Rengaswamy Sankaranarayanan muka kwaikwaye shi, masanin nan ɗan Indiya da ya jagoranci sashen gwaji a cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa. Binciken da ya yi da abokan aikinsa a gundumar Dindigul, wanda mujallar Lancet ta buga a 2007, ya nuna gwajin ruwan khal ya rage kamuwa da kashi 25 cikin 100, mutuwa da kashi 35. Amma can ma'aikatan jinya suna da na'urar daskarar da wurin da ya lalace, suna yi wa mace a zaman da aka duba ta. Mu rabin farko muka ɗauka, muka bar rabin da yake ceton rai.

Ba na zargin Farfesa da mugunta. Da na kai mata sunayen, daga aljihunta ta biya wa wasu kuɗin mota. Takardarmu ta fito, sunana yana ciki, masana suna ambatonta, har an kira ni taro saboda ita. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai lissafin da jami'o'i ke auna masani da shi, yawan takardu da yawan ambato, ba shi da gurbin tambayar mace nawa aka yi wa magani.

Sai ga yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023. Manyan cibiyoyin gashin ciwon daji biyu da talaka ya sani, ta Khartum da ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, duk yaƙi ya rutsa da su, ta biyun a Disambar shekarar. Mutane suka watse. Matan da suka ce sai baɗi, yanzu ban san inda mafi yawansu suke ba. Da an ƙone alamar a ranar da aka gan ta, da zancen ya ƙare a ɗakin ungozoma. Akwai na'urar hannu mai batir da take yin haka da zafin digiri 100 cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, kuma ungozoma da ta samu horo za ta iya riƙe ta.

Don haka 'yar'uwa, in wani babban masani ya nemi ki shiga aikinsa saboda kina jin yaren mutanen, kada girman sunansa ya rufe miki baki. Fara da shafin kasafi, ki nemo layin magani da yatsarki. Manufar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a Nuwambar 2020 tana bayanki: rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan ciwon daji, ga kashi 90 na 'yan mata, gwaji ga kashi 70 na mata, magani ga kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar. Na uku ɗin ba a saka shi don ado ba.

Kwanan nan wasu abokan Farfesa suka tuntuɓe ni kan sabon aiki a sansanonin 'yan gudun hijira na Gadarif. Na rubuta musu sharuɗɗa: na'urar ƙonawa ta tafi tare da mu, a ware kuɗin tafiyar wadda cutarta ta wuce nan, a kuma biya ungozoma mai bin sawu har shekara guda. Sun yarda da biyun farko. Muna nan muna ja kan na uku, kuma ban sa hannu ba tukuna.