Mijin da ya shafa wa matarsa kashin kaji

Jiya da daddare, da hasken tocila, na ƙarasa wani labarin binciken kisan kai. Mijin ne ya tsaya min a rai. Shi ke neman mata a ɓoye, shi kuma ke bincikar wayar matarsa, yana ƙirga mintocin da ta yi a kasuwa. Laifin da ya kasa kallo a zuciyarsa ya jingina mata. Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana irin wannan kishi a 1922.

Abin da ya tsorata ni, da ɗan sanda ya titsiye shi, ya yarda da ƙaryarsa har zuci. Kuka yake: "Don ina sonta ne."

Matar kuwa, baiwar Allah, tuni ta saba neman gafarar laifin da ba ta yi ba.