Lasisin Windows bayan kwafe faifai zuwa SSD

Wasu masu gyaran kwamfuta a Kaduna kan kwafe faifai guda su zuba a laftof na gwanjo da yawa, daga baya sai "Activate Windows" ya fito a kusurwar allo. Dalili kuwa, lasisin Windows 10 da 11 da madabod, wato babban falon da sassan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, yake ɗaure. In a kwamfuta ɗaya ka sauya tsohon faifai da SSD (sabon nau'in ma'ajiyar fayiloli mai sauri), yawanci haɗa ta da intanet ya isa.

In a wata na'ura daban aka zuba kwafin, buɗe Command Prompt (tagar rubuta umarni ta Windows), ka rubuta slmgr /dlv don ganin nau'in lasisin. Ka ga OEM, wato lasisin da ya zo da na'ura daga masana'anta? Wannan ba ya barin tsohuwar na'urar. Retail, wato wanda aka saya daban, ana iya matsar da shi. Volume KMS kuwa na kamfani ne, bayan kwana 180 yake mutuwa in bai sami sabarsu ba, har ya nuna lambar kuskure 0xC004F074.

Wanda aka fi mantawa: makullin lasisin Windows Home ne a BIOS ɗin laftof (manhajar da ke cikin madabod), amma kwafin Windows Pro aka zuba. Kada ka nemi kirak (manhajar fasa lasisi), yakan zo da cutar kwamfuta. Adana fayiloli, ka loda Home daga farko, da kanta za ta ɗauko makullinta.