Hazon hunturu da na'urar lidar

Hazon da ke rufe Zariya a Janairu, har ka kasa hango hasumiyar Jami'ar Ahmadu Bello daga Samaru, akasarinsa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa. Ido ba ya iya faɗin tsayinsa, sai na'urar lidar. Hasken leza take harbawa sama, galibi kore, ta auna lokacin dawowarsa: duk kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, tsayin mita 150 ke nan. Yanayin hasken da ya dawo kuma shi ke bambance ƙura da hayaƙin ƙonar daji, domin ƙwayar ƙura ba mulmulalliya ba ce.

Tauraron ɗan'adam CALIPSO na Amurka da Faransa ya yi wannan aiki daga 2006 zuwa 2023, EarthCARE na Turai da Japan ya tashi a 2024. Amma tauraro wucewa yake yi, dole a samu na'ura a ƙasa ta gaskata shi.

A nan wahalar take. Ƙura ta kwanta kan gilashi, awo ya karkace. Zafi ya dagula leza, ɗaukewar wuta ta yanke bayanai. Rana kuma tana dusashe hasken, shi ya sa awon dare ya fi inganci.