Yadda za a raba kyanwa da kafofin iska na daɓen ɗaki

A yawancin gidajen Kanada da na arewacin Amurka, ɗumin hunturu daga ƙasa yake tasowa. Injin ɗumama gida yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yana hura iska mai zafi ta cikin bututan kwano, ita kuma ta fito ta wasu kafofi da aka yanka a daɓen kowane ɗaki aka rufe da ragar ƙarfe, wadda galibi faɗinta inci 4 ne, tsawonta inci 10. Duk mai kiwon kyanwa a irin wannan gida, kamar yadda nake yi, ya san cewa da zarar injin ya tashi za ta je ta shimfiɗe a kan ragar.

Ba ɓarna ce ta kai ta ba. Zafin jikin kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salsiyos, ta kuma fi sakewa a wurin da ya kai digiri 30, alhali mu a kusan 20 muke barin ɗakunanmu. Abin da ke sa ta kwanta a gefen murhu bayan an sauke tukunya a ƙasar Hausa, shi ne ke kawo ta nan.

Sai dai wurin yana da haɗari. Ragar sau da yawa ɗora ta kawai ake yi, kyanwa mai naci kuwa tana iya sa farce ta ɗaga ta, ta zura jiki cikin bututu mai kaifin baki da tsinin ƙusoshi, inda fito da ita kan kai ga kwance kwanon. Idan tana sanye da abin wuya mai ɗan ƙarfen suna, ƙarfen yana iya maƙalewa a tsagar ragar ta shaƙe tana ƙoƙarin ƙwacewa, shi ya sa ban yarda da kowane abin wuya ba sai wanda ke ɓallewa da kansa idan an ja shi. Gashinta kuma yana yawo cikin iskar gidan har ya toshe matatar injin kafin lokacinta.

Matakin farko shi ne a ɗaure kowace raga da ƙusa mai murɗawa, a ɗora mata murfin roba mai lanƙwasa da ke karkatar da iskar gefe, wanda ke hana kyanwa samun shimfiɗaɗɗen wurin kwanciya. Amma hani kaɗai ba ya wadatarwa, domin buƙatarta tana nan. A tanadar mata gadon kyanwa mai ɗumin lantarki, ko bargo mai kauri a inda rana ke shigowa ta taga, a ajiye shi kusa da kafar da ta saba, sannan a riƙa matsar da shi a hankali. A ganina wannan ne ya fi komai aiki. Rufe kafar gaba ɗaya ba dabara ba ce, saboda iskar da ta rasa mafita tana matsa wa fankar injin lamba.

Abin da nake roƙo a guje masa shi ne korar ta da ƙamshi. Wasu kan ba da shawarar ɗiga man na'ana'a ko na ɓawon lemo a kan ragar, ko jefa kafur a ciki. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa irin waɗannan mayuka, kafur kuma guba ne gare ta, ga shi iskar za ta kwashe su ta raba wa kowane ɗaki, har da wanda yara ke kwana.

Idan kuwa kyanwar ta fara fitsari a cikin kafar, maganar ta wuce ta neman ɗumi. A wanke wurin da ruwan wanki mai sinadarin enzayim, wato mai narkar da ragowar fitsari, kada a yi amfani da mai amoniya, domin warinsa na kama da na fitsari kuma zai sake jawo ta. Sannan a kai ta wurin likitan dabbobi, saboda ƙaurace wa akwatin yashin da take fitsari da kashi a ciki kan zama alamar ciwon mafitsara. Muzurun da ke ta yunƙuri fitsari bai fito ba, a kai shi a ranar, domin toshewar na iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku.